Ciwon baya: Ƙarar "ƙas-ƙas" ta TikTok ba takobin Bayajida ba ce

A bakin rijiyar Kusugu bayana ya fara ba ni kunya, kuma a gaban baƙi. Wasu abokaina ne na makaranta suka zo Daura kallon hawan Sallar Gani, ka kuwa san baƙo ba ya barin garin nan bai leƙa rijiyar ba. Aka miƙo guga, na ce a ba ni, ni ne ɗan gari. Ɗaya daga cikinsu ya saita waya yana ɗauka. Na sunkuya na zura, na jawo, ina cikin juyawa in zuba ruwan sai na ji wani abu ya riƙe ni a ƙugu kamar an caka min basilla. Miƙewa ta gagara. A lokacin shekarata 27.

Da muka koma gida, abokin nan mai waya ya ce kada in damu, ƙashi ne ya goce, kuma ya san yadda ake mayar da shi don kullum yana kallo a TikTok. Ya kwantar da ni a tabarma ta gefe guda, ya danne kafaɗata, ya tura ƙuguna da ƙarfi. Muka ji "ƙas!" Ɗaki ya ɗauki ihu. Gaskiya na ji sakayau na kamar awa guda. Da asuba kuwa ruku'u ya gagare ni, a zaune na yi salla.

Daga nan na shiga layin da yawancinmu muke bi: haɗin ƙwayoyi daga kemis, sai wata gorar maganin basir da aka rantse min ita ce ƙarshen zance, sai bel ɗin ɗaure ƙugu da na saya ta intanet. Sai da na ɓata wata biyu da kuɗin da nake jin kunyar faɗa, sannan na je inda ya kamata in fara zuwa. Abin da na koya a tsakani shi zan baje muku yau.

Ba ciwon tsofaffi ba ne kaɗai

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, wanda mu muka fi kira ciwon ƙugu, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Duk duniya babu lalurar da ta kai shi hana mutane ayyukansu na yau da kullum. Ya fi yawa ga masu shekara 50 zuwa 55, ya kuma fi kama mata, amma hukumar ta ce har yara da samari da 'yan mata bai bari ba.

Ba sai an je Turai ba, ka duba garin nan kawai. Ɗan ga-ruwa na ɗaga jarka mai lita 25, wato kilo 25 na ruwa, ya ɗora a kura, ya sauke, ya shiga da ita gida, sau nawa a wuni? Ɗan acaɓa na wuni a kan babur tsakanin Daura da Sandamu, Zango ko Mai'aduwa, kowane rami bayansa ne ke amsawa. Tela in Sallah ta matso a kan keke yake kwana. Mai POS daga safe har Isha yana kan benci marar majingina. Manomi na duƙe da fartanya, ƙanwarmu na duƙe tana wanki ga goyo a baya. Sai kuma mu, 'yan kwanciya a katifa, mun tokare wuya da filo muna latsa waya har ƙarfe biyun dare. Kowa da hanyar da yake bi, amma a ƙugu ake haɗuwa.

Me ke cikin bayan nan?

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, wani a kan wani, daga wuya har gindi. Biyar da ke wajen ƙugu su suka fi girma, su ne kuma ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi da ke aiki kamar matashi, yana shanye jijjiga. Ta tsakiyar jerin laka ta ratsa, daga nan jijiyoyi ke fita su sauka har tafin ƙafa. Tsokoki masu ƙarfi kuma sun ɗaure komai tamau.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, a kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙugu, likita ba zai iya nuna wata takamaimiyar cuta ko karaya ya ce ga ta nan ba. Tsoka ce ta gurɗe, ko gaɓa ta gaji, ko wahala da rashin barci da damuwa suka taru. Irin wannan ciwon yawanci yakan lafa cikin 'yan makonni, ko da yake yana da halin dawowa.

Abu na biyu, hoton baya ba ya faɗin komai. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, aka ga kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya ɗan bullo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84 ne. Ma'ana, in ka yi hoto aka ce faifanka ya ɗan fito, kada hankalinka ya tashi. Mai yiwuwa wanda ke zaune kusa da kai a majalisa haka nasa yake, kuma yana buga ƙwallo lafiya ƙalau.

Su wane ne masu "ƙas-ƙas" ɗin?

Aikin da muke gani a bidiyo, inda ake kwantar da mutum a wani gado na musamman a murɗa shi har a ji ƙara, sunansa kairofraktik. Kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anarta abin da aka yi da hannu. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Palmer ba likita ba ne. Ya yi iƙirarin cewa ya danna bayan wani mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga nan ya kafa ra'ayin cewa kusan duk cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. A 1906 har gidan yari ya shiga saboda yin aikin likita babu lasisi.

Kimiyya ba ta tabbatar da ra'ayin Palmer ba. Amma sana'ar ta rayu, ta kuma sauya. A yau a Amurka, Kanada, Ingila da Ostireliya sai mutum ya yi shekara huɗu zuwa biyar yana karatu, ya yi rajista da hukuma, kafin ya taɓa bayan wani. A Afirka ta Kudu ana koyar da ita a Jami'ar Johannesburg da Jami'ar Fasaha ta Durban. A Najeriya masu wannan horo 'yan ƙalilan ne. Masu kwaikwayonsu ne suka yi yawa, kuma abokina na cikinsu.

To ƙarar fa? Nan ne aka fi yaudararmu. Ƙarar nan ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. A cikin gaɓa akwai ruwa mai yauƙi da ke sa ta motsi ba gogayya. In aka ja gaɓar da sauri, sai wani kumfan iska ya samu a cikin ruwan, shi ne ke ba da sautin. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton abin da na'urar MRI a 2015, lokacin da ake jan yatsan mutum. Daidai yake da ƙarar da kake ji in ka lanƙwasa yatsunka kana jiran shayi ya huce. Shi ya sa in ka yi sau ɗaya, sai ka ɗan jira kafin ta sake yi. Masu ɗora bidiyo sun san kunnenmu na son sautin, wasunsu har makirufo suke maƙalawa a rigar majinyaci. Abin da ba sa nuna mana shi ne yadda mutumin ya tashi washegari.

Yana aiki ko ba ya yi?

Adalci shi ne a faɗi duka biyun. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Sakamakon shi ne, danna ƙashin baya da hannun gwani na rage ciwo daidai gwargwado, kusan kamar sauran hanyoyin da aka amince da su, irin su motsa jiki. Bai fi su ba.

A watan Disambar 2023, WHO ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ta sa danna baya da tausa cikin abubuwan da za a iya yi, tare da wayar da kan majinyaci, tsararren motsa jiki, taimakon masana halayyar ɗan'adam, da magungunan rage kumburi. A ɗaya ɓangaren ta ce a guji bel ɗin ɗaure ƙugu, a guji na'urar jan baya, a guji magungunan kashe ciwo dangin opiyoyid. Da na karanta wannan sai na kalli bel ɗina na yi dariyar takaici.

Ka ga ke nan, gwani zai iya sauƙaƙa maka ciwo har ka samu damar motsawa. Amma duk wanda ya ce maka murɗa baya na maganin ciwon suga, asma, hawan jini, rashin haihuwa ko raunin mazakuta, to riƙe aljihunka. Haka wanda ya ce sai ka riƙa zuwa duk mako har abada don kada ƙashin ya sake gocewa.

Lokacin da murɗa baya ke zama ganganci

Ragowar kashi 10 ɗin nan su ne abin tsoro, domin ciwon baya ne a fuska, amma wata cuta ce a ɓoye. Mu a nan muna da namu na musamman. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma ƙwayar cutar takan bar huhu ta shiga ƙashin baya ta riƙa cin sa a hankali, har doro ya fito ko ƙafafu su shanye. Ka yi tunanin a danna irin wannan ƙashin da ƙarfi. Haka kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan masu sikila, su kuwa ciwon baya na cikin alamun tashin ciwonsu, kuma ƙashinsu ba ya son wasa. Ciwon ƙoda da tsakuwar ƙoda ma ta baya sukan yi sallama.

Don haka, in ciwon bayanka ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan, ba kemis, ba mai tausa, ba aboki, asibiti kai tsaye:

Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida na zubowa ba ka sani ba.

Tsakanin cinyoyi, gaba ko mazaunai sun mutu, ba ka jin taɓi. Wannan da na sama ba a kwana da su, domin alama ce ta an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma jinkiri na iya barin naƙasa ta dindindin.

Ƙafa na rasa ƙarfi, ko kana jan ta in kana tafiya.

Zazzaɓi, zufar dare, rama ba dalili, ko tari da ya daɗe.

Ciwon ya biyo bayan haɗarin babur, faɗowa daga bishiya ko daga gini.

Ciwon ba ya lafawa ko ka kwanta, har yana tashinka daga barci.

Kana da sikila, ko an taɓa samunka da ciwon daji, ko ke 'yar'uwa kina da juna biyu kuma ciwon ya zo da zubar jini ko murɗawar mara.

Sai batun wuya. Bidiyon da ake fizgar kan mutum ya fi kowanne samun masu kallo, shi ne kuma ya fi haɗari. Ta cikin ƙasusuwan wuya jijiyoyin jini ke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun rubuta labarin mutanen da jijiyar ta tsage bayan an murɗa musu wuya, suka samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wa ke son ya zama shi ne? Kada ka bari mai aski ko aboki ya yi maka wannan gwaninta.

Namu na gida fa?

Tun kafin a haifi Palmer muna da masu ɗori, muna da wanzamai masu ƙaho, muna da tausa. Wane ne a cikinmu kakarsa ba ta taɓa cewa ya zo ya taka mata baya ba? Ba na raina su. Tausa da gashi da ruwan ɗumi na sassauta tsoka, mutum ya ji daɗi. Matsalar ita ce hannu ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Mai ɗori na kirki shi ne wanda ya san iyakarsa, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ce a tafi asibiti.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne zancen basir. A ƙasar Hausa kusan duk saurayin da ya ce ƙugunsa na ciwo, kafin ya rufe baki an ce basir ne. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, alamunsa jini, ƙaiƙayi ko tsiro a wurin. Ba shi ke riƙe maka baya in ka ɗaga jarka ba. Ni gorar da na sha babu abin da ta ƙara min sai zarya zuwa banɗaki.

Haɗin kemis kuwa ya fi wannan illa. Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen na rage ciwo, amma in aka daɗe ana sha, ko aka haɗa biyu a lokaci guda, ko aka sha da yunwa, suna jawo gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Tiramol ya fi su duka. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne suka sha magunguna dangin tiramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. Duk wanda ya zauna da 'yan dako ko masu aikin ƙarfi ya san ba kowa ne ya fara don neman maye ba. Wani baya ne ya dame shi, ga aiki ba ya jira, aka ce ya gwada guda ɗaya. Ciwon bai tafi ba, ƙwayar ma ta ƙi tafiya.

Wa za ka miƙa wa bayanka?

A Najeriya akwai hukumar da doka ta ɗora wa rajistar likitocin gashi, waɗanda ake kira fisiyo, da masu aikin kairofraktik da makamantansu. Sunanta MRTB, an kafa ta a 1988. Duk wanda ya buɗe shago yana danna bayan mutane da sunan wannan aiki, haƙƙinka ne ka tambaye shi lasisinsa. Yawan mabiya a TikTok ba lasisi ba ne, farar riga ma a kasuwa ake sayar da ita.

Gwani na gaske ba ya fara taɓa ka sai ya yi maka tambayoyi: yaushe ya fara, me kake yi a lokacin, yana sauka ƙafa, yaya fitsari, akwai zazzaɓi, wane magani kake sha. Zai gwada ƙarfin ƙafafunka da jin taɓinka. Zai gaya maka abin da zai yi kafin ya yi, kuma zai sallame ka da aikin da za ka riƙa yi a gida. Wanda ya ce kwanta kawai, kai kuma ka ce sai an jima.

Ga mu mutanen masarautar Daura, hanya mafi sauƙi ita ce a fara da ganin likita a asibiti mafi kusa. In abin na buƙatar ƙwararru, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano. Ku sani likitocin gashi ma sun koyi aikin hannu a kan gaɓoɓi da ƙashin baya, kuma sun fi sauƙin samu a yankinmu.

Abin da ya tashe ni

Likitar gashin da ta duba ni ba ta sa bayana ya yi ƙara ko sau ɗaya ba. Har na ɗan ji kamar an cuce ni. Ta ce in cire bel, in daina wuni a kwance, domin doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Ta koya min motsa jiki guda huɗu na ƙarfafa tsokar ciki, baya da mazaunai, waɗanda ba sa cin minti 15. Ta ce in zan ɗaga abu mai nauyi in matso da shi jikina, in lanƙwasa gwiwa, kada in murɗa ƙugu ina ɗauke da shi, in juya da ƙafafuna gaba ɗaya. In ina zaune, duk bayan kamar rabin awa in tashi in ɗan taka. Sannan ta ce in riƙa tafiyar ƙafa.

Na ɗauka ta raina min hankali ne, sai daga baya na ga binciken da Jami'ar Macquarie ta Ostireliya ta buga a mujallar Lancet a 2024. Sun bi mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu. Waɗanda aka sa su tsarin tafiyar ƙafa tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Tafiyar ƙafa fa, wadda ba ta cin data, ba ta cin fetur.

In kana shan sigari, ka sani WHO ta lissafa ta cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon ƙugu, tare da ƙiba da rashin motsa jiki. In kai ɗan ga-ruwa ne ko ɗan dako, ba zan ce ka bar sana'arka ba, a nan abincinka yake. Amma rage lodi ka yi sawu biyu ya fi ka yi sawu ɗaya ka kwanta mako biyu.

Duk ɗan Daura ya tashi da labarin Kusugu: maciji ya tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo da dare ya sare kansa, gari ya huta. Ina ganin shi ya sa muke son magani irin na sara ɗaya, allura ɗaya, ƙwaya ɗaya, "ƙas" ɗaya. Ciwon ƙugu ba ya mutuwa da sara ɗaya. Kullum ake lallaɓa shi, da tafiya, da motsi, da barci, da sanin ranar da ya kamata a ruga asibiti.

Yanzu kusan kullum bayan La'asar nakan taka daga gida in zaga ta fada in biyo ta Kusugu in dawo. Rannan na tarar da wasu ɗalibai baƙi za su ja ruwa, na ce wa na gaba ya lanƙwasa gwiwa, kada ya murɗa ƙugu. Ya kalle ni kamar ya ga tsoho. Abokina kuwa har yanzu bidiyon nan na wayarsa, na roƙe shi ya goge ya ƙi. In kun ci karo da shi, ku yi dariyarku, ba komai, amma don Allah kada ku kwanta masa a tabarma.